Yadda Ake Samun Igiyar Hawa a Fulorida Idan Teku Ya Kwanta

Daga farkon watan Yuni zuwa tsakiyar Agusta, wanda ya tsaya a gaɓar gabashin jihar Fulorida ta Amurka, a Cocoa Beach ko Daytona, da wuya ya yarda cewa a nan aka reni wasu daga cikin manyan gwanayen hawan igiyar ruwa na duniya. Ruwa ya yi ɗumi, digiri 27 zuwa 29 a ma'aunin Selsiyas, ba a bukatar rigar sanyi, amma tekun ya yi luf kamar ruwan randa. Sai a yi mako biyu ko uku igiya ba ta wuce gwiwa ba, wata rana ma idon sawu kawai take lasa ta koma. Duk da haka a Cocoa Beach aka haifi Kelly Slater a 1972, wanda ya ci kambun duniya sau 11, na farko a 1992, na ƙarshe a 2011. Lisa Andersen, da ta riƙe kambun mata shekara huɗu a jere daga 1994 zuwa 1997, a Ormond Beach ta fara. Caroline Marks ta Melbourne Beach ta ci na 2023, ta ƙara da lambar zinare a gasar Olamfik ta 2024. A wannan ruwa mai rowa dukansu suka koya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan shi ne mutum ya kwanta rub da ciki a kan dogon allo mai shawagi, ya tuƙa da hannuwansa har igiya ta ɗauke shi, sannan ya miƙe tsaye ya bi gefenta kafin ta fashe. Idan babu igiya babu wasa. Sai dai mazauna gaɓar sun san abin da baƙo bai sani ba: ko a ranar da kowa ke cewa babu komai, yawanci akwai awa ɗaya ko biyu da ƙaramar igiya ke miƙewa ta iya ɗaukar mutum. Aikin gaba ɗaya shi ne sanin wace awa ce, a kan wane tudun yashi, kuma da wane allo.

Abin da ke kwantar da tekun

Iska ce ke haifar da igiya. Sai ta yi ƙarfi, ta daɗe tana kaɗawa, kuma ta samu faffaɗan ruwa da za ta bi ta kansa. A lokacin sanyi guguwar arewacin Atlantika na yin wannan aikin, tana aiko wa Fulorida da igiyoyi daga arewa maso gabas. Da zafi ya shigo sai guguwar ta ja can arewa, wani babban yankin iska mai nauyi ya zo ya zauna a tsakiyar tekun. Masana yanayi sun laƙaba masa sunan tsibirin Bermuda. A ƙarƙashinsa iska ba ta da kuzari, a gefensa kuma tana zagayawa yadda hannun agogo ke juyawa.

Abin lura a taswirar yanayi shi ne inda ƙashin bayan wannan yanki ya ratsa. Idan ya sauko kudu da Cape Canaveral, iska za ta riƙa zuwa daga yamma ko kudu maso yamma, wato daga tudu zuwa teku, kuma ba ta turo komai gaɓa. Waɗannan su ne makonnin da teku ke mutuwa murus. Idan kuwa ya hau arewa, zuwa wajen jihar Jojiya ko sama da haka, sai iskar gabas da kudu maso gabas ta samu doguwar hanya a kan ruwa, bayan kwana biyu ko uku a fara ganin igiya daga gwiwa zuwa ƙugu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da babu gara ba daɗi.

Shimfiɗar ƙasar ma ba ta taimaka ba. Gaban tsakiya da arewacin jihar akwai faffaɗan dandamalin ƙasa mara zurfi a ƙarƙashin ruwa, wanda igiya ke jan ciki a kansa tsawon kilomita masu yawa, ta iso gaɓa a gajiye. A kudu, daga wajen Palm Beach zuwa Miami, tsibiran Bahamas sun tare hanya, don haka wanda ke Miami a watan Yuli ya sa a ransa tafiyar mota zuwa arewa. Gaɓar yamma, ta wajen Tampa, kada ma a yi zancenta a wannan lokacin.

Lambobi uku

Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta girke na'urorin awo masu shawagi a teku, kuma kowa na iya duba abin da suka auna kyauta a intanet. Biyu ne suka shafi tsakiyar gaɓar: mai lamba 41009, kimanin kilomita 37 gabas da Cape Canaveral, da mai lamba 41010, kimanin kilomita 220 can ciki. Abu uku za ka duba: tsayin igiya, tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata a daƙiƙa, da kusurwar da ta fito.

Sabon shiga tsayi yake kallo, wanda ya daɗe kuwa tazara yake fara dubawa. Dalili shi ne tazara ce ke nuna yawan ruwan da ke tafe a ƙarƙashin abin da ido ke gani. Igiya mai tazarar daƙiƙa 6, tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa mita 56 ne. Mai daƙiƙa 8 ta kai mita 100, mai daƙiƙa 14 ta haura mita 300. Igiya tana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya kai rabin tsawonta, don haka doguwar tun daga nesa take taruwa, ta iso gaɓa ta miƙe fiye da yadda na'ura ta auna ta. Gajeriyar kuwa da ta taɓa yashi sai ta rushe. Saboda haka rabin mita mai daƙiƙa 9 ya fi mita guda mai daƙiƙa 4 amfani nesa ba kusa ba. A ranakun kwanciyar teku, idan ka ga tazarar daƙiƙa 4 ko 5, koma barcinka. Daƙiƙa 7 zuwa 9 daga gabas ko kudu maso gabas, ko da tsayin bai wuce santimita 50 ba, ɗauki allo.

Kada ka tsaya ga lambar farko da shafin ya nuna. Sau da yawa akwai igiya iri biyu a ruwa lokaci guda, ƙananan tsalle-tsallen iskar kusa da kuma wata siririya mai doguwar tazara da ta fito daga nesa, kuma shafin na da wurin da ya rarrabe su. Wannan siririyar ce ke zuwa jefi-jefi, uku ko huɗu a jere, bayan kowane minti goma ko fiye. Wanda ya leƙa teku na minti biyu daga tagar mota ya juya bai gan ta ba. Kyamarorin bakin teku na manhajoji irin su Surfline ma haka suke yaudarar mai gaggawa. Tsaya minti 15 cur kana kallo kafin ka yanke hukunci.

Safiya da wata

A ranar zafi ta Fulorida iska na da jadawalin da kusan ba ya canzawa. Da dare ƙasa na hucewa, da asuba sai iska ta kwanta ko ta riƙa busowa a hankali daga tudu. Wannan iskar tudu ita ake so, domin tana shafe fuskar ruwa, tana kuma riƙe igiya ta ɗan jima a tsaye kafin ta fashe. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗau zafi, wajen ƙarfe 10 zuwa 12, sai iskar teku ta juyo, ta yamutsa ruwan, ta danne ƙaramar igiyar ta baya ta ruguje. Babbar igiya na iya jure wannan, mai tsayin gwiwa ba za ta iya ba. A watan Yuli rana na fitowa wajen ƙarfe 6:30, don haka wanda ya idar da sallar asuba ya kama hanya ya samu lokacin da ya fi kowane kyau. Wanda ya tsaya karin kumallo mai nauyi kuwa sai dai ya je ya yi wanka.

Sai cikowar ruwa da janyewarsa. A wannan gaɓar ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Bambancin tsayin ruwan kimanin mita guda ne. Mita guda ba komai ba ne idan igiya ta kai mita biyu, amma ga igiyar santimita 50 shi ne komai. Igiya tana fashewa ne idan zurfin ruwa ya kusa daidai da tsayinta. Idan ruwa ya cika maƙil, ƙaramar igiya za ta wuce ta kan tudun yashi ba ta ko san da shi ba, sai ta zo bakin gaɓa ta faɗi tim a kan rairayi, inda babu abin hawa sai karya allo. Idan ruwa ya janye ƙwarai, sai ta fashe gaba ɗaya lokaci guda a ruwan da bai kai gwiwa ba. Abin nema yana tsakani, galibi awa ɗaya zuwa uku bayan ruwa ya gama janyewa ya fara dawowa, domin cikowar kanta na ɗan ƙara wa igiya ƙarfi.

To yaushe wannan ke haɗuwa da safiya? A nan mai lissafi da watan Musulunci ya fi kowa sauƙi, domin wata ne ke jan ruwan. A wannan yankin, lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwa na kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarfe 8 na safe ko bayan haka kaɗan, wato safiyar ta tafi a cikakken ruwa. Amma wajen 5 zuwa 7 ga wata, da kuma 20 zuwa 22, janyewar ruwa na faɗowa kusa da fitowar rana, cikowa kuma ta zo kafin iskar teku ta tashi. Waɗannan kwanakin su ne na ware wa teku. Duk da haka ka duba jadawalin ruwan wurin da za ka, domin bakin mashiga da buɗaɗɗiyar gaɓa na iya bambanta da mintoci masu dama.

Akwai wata dama ta biyu da mutane ke mantawa da ita. Bayan hadarin la'asar ya zubar da ruwansa ya wuce, sau da yawa iska na mutuwa ko ta juya daga tudu, teku ya yi santsi har magariba. Sharaɗin shiga a wannan lokacin yana nan tafe.

Wurin da ya fi

Ba duk gaɓa ce ɗaya ba. Ƙasan Cocoa Beach na gangarawa a hankali, igiyarsa malalaciya ce, tana fashewa sannu, kuma tana jure ruwa mai ɗan cika. Wurin dogon allo ne da masu koyo, musamman kusa da doguwar gadar katako da ta shiga teku. Idan ka yi kudu zuwa Satellite Beach, Indialantic da Melbourne Beach, gaɓar ta fi tsayuwa, igiyar ta fi ƙarfi, amma sai ruwa ya janye take aiki a ƙaramar rana. A Satellite Beach akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ka kula da tafin ƙafarka. New Smyrna Beach, a kudu da mashigar Ponce, ita ce wadda kowa ke gudu zuwa idan ko'ina ya mutu, domin yashin da mashigar ke tarawa na tattara duk ɗan abin da ke cikin teku. Sebastian Inlet a kudu ma na da suna, amma wurin gwanaye ne kuma ba su da haƙuri da baƙo.

Ƙa'idar ita ce ka nemi abin da ya karya miƙaƙƙiyar gaɓa: gada, katangar duwatsu, bakin mashiga. A irin waɗannan wuraren ruwa na sassaƙa yashi ya bar tudu a nan, kwari a can, kuma igiya na fara fashewa a kan tudun ta bi gefe zuwa kwarin. Wannan bin gefen shi ake hawa. Igiyar da ta fashe daga wannan ƙarshe zuwa wancan lokaci guda ba ta da amfani komai kyanta. Tudun yashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya yi aiki a watan Mayu yana iya ɓacewa a Yuli. Ka taka da ƙafa lokacin da ruwa ya janye sosai, ka ga inda ruwan ya yi haske, alamar tudu ke nan, da inda ya yi duhu, alamar kwari. Tafiyar mita 200 daga inda kowa ya ajiye mota kan ba ka tudun da babu kowa a kai.

Allo da yadda ake hawa

A ganina babu abin da ke ɓata wa mutane bazara kamar girman kai a zaɓen allo. Saurayi ya ga gwanaye a bidiyo da gajeren allo mai tsini, wanda girmansa bai wuce lita 25 zuwa 30 ba, sai ya shiga da irinsa ruwan da ba shi da ƙarfin tura shi, ya yi awa biyu yana zaune yana zagin teku, alhali wani dattijo na wuce shi a kan allo mai ƙafa tara yana hawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar igiya ba ta da ƙarfi, don haka allon ne zai biya bashin. Dogon allo mai ƙafa 9 ko fiye na ɗauke da lita 65 zuwa sama, yana shawagi a saman ruwa, yana kama gudu da tuƙi kaɗan. Allon soso mai ƙafa 8 da ake ba masu koyo ma ya isa, ba abin kunya ba ne, kuma idan ya bugi wani a cunkoso raunin da sauƙi. Wanda ya nace sai gajere, to ya nemi mai faɗi da kauri, mai shimfiɗaɗɗen ciki.

Kakin da ake gogawa a allo don ƙafa ta kama iri-iri ne. Sayi na ruwan zafi, wanda aka yi wa ruwan da ya haura digiri 24. Na ruwan sanyi narkewa zai yi ya zama santsi. Idan ka ajiye allo a rairayi ka kife shi, kakin na ƙasa, kuma kada ka bar shi cikin rufaffiyar mota da rana, domin zafin na iya raba fatar allon da cikinsa.

A cikin ruwa, zauna kusa da gaɓa fiye da yadda ka saba, daidai inda ka ga jerin da ya wuce ya fara fashewa. Ka ɗauki alama biyu a tudu, gini da itace misali, don ka san ko ruwa ya ja ka gefe. Kwanciyarka a kan allo ita ce rabin aikin: ka matsa gaba har hancin allon ya rage kaɗan ya taɓa ruwa. Mafi yawan masu rasa ƙaramar igiya sun yi baya da yawa ne, gindin allon na nutsewa yana ja musu birki. Fara tuƙi da wuri, dogon ja mai zurfi, kada ka yi ta fantsama ruwa. Idan ka ji igiya ta ɗaga bayan allon, sauke haɓarka ƙasa, ka ƙara ja biyu bayan ka ɗauka ta riga ta kama ka. Waɗannan biyun su ne bambancin hawa da kallo.

Karkata hancin allon tun kana tuƙi zuwa ɓangaren da igiyar ke buɗewa, domin babu filin da za ka sauka ƙasa sannan ka juyo. Miƙe da sauri amma a hankali, kada ka dira da nauyi. Daga nan ka tsaya a saman rabin igiyar, kusa da inda take fashewa, nan ne ɗan ƙarfinta yake. Idan allon ya fara sanyi taka gaba, idan ka wuce igiyar taka baya ka jira ta. Wannan tafiya a kan allo, da karanta inda gudu yake a igiyar da ba ta da shi, ita ce makarantar da 'yan Fulorida suka yi. Wanda ya iya samar wa kansa gudu a ruwan gwiwa, ranar da ya samu igiyar gaske abin zai zo masa da sauƙi.

Abu ɗaya game da zama da mutane. Idan igiya ta yi ƙaranci kowa na taruwa a tudu ɗaya, rai kuma na saurin ɓaci. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita, kada ka faɗa gabansa. Mai dogon allo na iya kama kowace igiya tun daga nesa, kuma daidai wannan dalilin ne ya sa ya kamata ya riƙa barin wasu su wuce.

Haɗarin ranar da ba a tsoro

Tsawa ce ta farko. Fulorida na cikin jihohin da aradu ta fi kashe mutane a Amurka, kuma hadarin la'asar a bazara kusan kullum ne. Yana haɗuwa a cikin ƙasa, bayanka, kai kuma kana fuskantar teku kana jiran igiya. Riƙa waiwaye. Aradu na iya faɗuwa kilomita 16 daga inda ake ruwan, sama na garau a kanka. Da ka ji tsawa fita, ka shiga mota ko gini, ba ƙarƙashin laima ko rumfa ba, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Wannan shi ne sharaɗin hawan yamma da aka ambata.

Ruwa mara zurfi shi ne na biyu. A ƙaramar igiya mutum na faɗuwa a ruwan da bai kai ƙugu ba, kuma wanda ya faɗa da ka na iya karya wuya. Faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, ka rufe kai da hannu kafin ka ɗago.

Rana kuma kada ka raina ta don fatarka baƙa ce. Ruwa na mayar da haske fuska, awa biyu sun isa su ƙona wuya da bayan gwiwa. Sa riga mai dogon hannu ta shiga ruwa, shafa man kariya daga rana, sha ruwa kafin ka shiga, domin a cikin teku ba ka jin gumin da kake yi.

Maganar kifin shak ba a ɓoye ta. Gundumar Volusia, inda New Smyrna take, ita ke kan gaba a yawan cizo a ƙididdigar da gidan tarihin halittu na Jami'ar Fulorida ke tattarawa. Yawanci ƙananan shak ne masu bin ƙananan kifaye, su kama hannu ko ƙafa bisa kuskure su saki, kuma da wuya abin ya kai ga rai, amma ɗinki ɗinki ne. Jira gari ya waye sosai kafin ka shiga, cire agogo da zobe masu ƙyalli, kuma idan ka ga kifaye na tsalle tsuntsaye na dira a kansu, matsa daga wurin. Lokacin shiga ruwa ja ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda faffaɗan kifin nan mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi. Idan ya soke ka, jiƙa wurin a ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, ka nemi asibiti. Ƙaiƙayin da wasu ƙananan halittu ke haddasawa idan suka maƙale ƙarƙashin riga kuwa, maganinsa cire rigar kafin ka watsa ruwan daɗi.

Wani abin mamaki: idan iskar kudu maso yamma ta daɗe, takan ture ruwan ɗumi na sama ciki, ruwan sanyi na ƙasa ya taso. A bazarar 2003 ruwan yankin Daytona ya sauka ƙasa da digiri 20 a tsakiyar zafi. Duba zafin ruwa a shafin na'urar kafin ka fita.

Ranar da babu komai da gaske, kuma tana zuwa, shiga ka tuƙa allo kilomita ɗaya ko biyu a gefen gaɓa, ka yi iyo, ka toshe fashewar da allonka ya yi. Mai kuɗi kan hau jirgi zuwa Kosta Rika, Nikaraguwa ko El Salvador, inda gaɓar Pasifik ke cike da igiyar kudu a daidai waɗannan watannin. Haka ma Tarkwa Bay a Legas da Busua a Ghana, damina ce lokacin igiyarsu, kwanciyar tekunsu sai hunturu.

Daga ina igiyar za ta dawo

Daga Afirka. Hadarin damina da ke tasowa daga gabas, ya ratsa Chadi, kudancin Nijar da arewacin Najeriya ya nufi yamma, yana tafiya ne cikin wasu manyan lanƙwasar iska da ke fita teku ta wajen Senegal duk bayan kwana uku zuwa biyar, kimanin 60 a shekara. Mafi yawansu na mutuwa a hanya, amma daga cikinsu ne yawancin manyan guguwowin Atlantika ke fitowa. A Yuni da Yuli busasshiyar iska mai ƙurar Sahara na bin ta kansu tana shaƙe su, ga shi ruwan tsakiyar tekun bai gama ɗumi ba. Shi ya sa ko da yake lokacin mahaukaciyar guguwa na farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, watanni biyun farko kan wuce shiru. Daga tsakiyar Agusta ƙurar na raguwa, abin ya kai ƙololuwa wajen 10 ga Satumba.

Guguwar da mahaya ke fata ita ce wadda ta yi ƙarfi a tsakiyar teku, ta lanƙwasa arewa ta wuce tsakanin Bermuda da gaɓar Amurka ba ta hau kan ko ɗayansu ba, kamar Bill a Agustan 2009 da Lee a Satumban 2023. Cibiyar lura da guguwa ta ƙasa da ke Miami na fitar da hasashe sau huɗu a rana, ka riƙa dubawa. Lissafin isowa mai sauƙi ne: jerin igiya mai tazarar daƙiƙa 14 na tafiyar kusan kilomita 39 a awa, don haka guguwar da ke nisan kilomita 1,500 saƙonta zai iso cikin kwana ɗaya da rabi. Alamar farko ita ce tazara ta yi tsalle a na'ura ta 41010, daga daƙiƙa 7 zuwa 13 ko 15, tsayin bai wani canza ba. Daga nan zuwa gaɓa awa 5 zuwa 6 ne.

Wannan ranar ta fi duk ranakun kwanciya haɗari. Jiki ya yi wata biyu bai yi aiki ba, mutane sun saba da tekun da ba ya cizo, sama kuma garau take domin guguwar na can nesa. Doguwar igiya na tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma na neman hanyar komawa ta kwarin da ke tsakanin tudun yashi, ya zama magudana mai jan mutum ciki da gudun da gwanin iyo ba zai iya ja da shi ba. A 2019 guguwar Lorenzo na can gabashin Atlantika, nisan dubban kilomita, amma irin wannan jan ruwa ya kashe mutane a gaɓar Amurka. Idan ya kama ka kada ka saki allo, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, tuƙa gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka bi farin kumfa zuwa tudu.

A ranar farko ta dawowar igiya, je gaɓar da ke da ma'aikatan ceto, ka tambaye su inda ruwa ke ja. Sauya maɗaurin ƙafar allonka idan ya tsufa. Kalli teku minti 20, domin manyan jeri na iya jinkiri sosai su zo su tarar da kai a inda bai kamata ba. Jar tuta ɗaya da aka kafa a bakin teku na nufin haɗari babba, kuma idan bana ka fara koyo, ba ranarka ba ce. Idan ka ga jajaye biyu an rufe ruwan ke nan, bar allonka a gida.